Turaren Da Na Fesa A Tashar Bas

Na san wasunku har yanzu haushina kuke ji, kuna cewa Chizuru ta cika ruwan ido. To ku gyara zama, don abin da na aikata ranar Lahadin nan ya fi ruwan ido muni, kuma ban zo neman wanda zai tausaya min ba.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da tara, a shagon tabarau nake aiki a nan Kanazawa, kuma har gobe a gidanmu nake, ƙofar ɗakina tana kallon ta Mama. Baba aiki ya kai shi Nagoya, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Maza uku yayarsa, Goggo Toshie, ta kawo min hotonsu, duka na ce a'a. Ita kuwa Goggo haɗa aure shi ne abin taƙamarta a garin nan. Ranar da ta kawo na huɗu ko kotinta ba ta cire ba.

"Naohisa ne, ɗan gidan Kuramochi, zanen gine-gine yake yi," ta ce tana ajiye hoton a gaban Mama, kamar ni ba na wurin. "In ta ƙi wannan, na cire hannuna daga kanta, na cire daga kan ƙanwarta. Na gaji da zuwa gidajen mutane ina sunkuyar da kai."

"Ba za ta ƙi ba, Yaya," Mama ta ce.

Na leƙa hoton. Ni dai tabarau na fara gani, wani mai kauri wanda aka daina yayinsa tun ina firamare, ga shi ya karkace ta hagu. Haɗuwarmu ta farko a otal aka yi, gaban Goggo, muka sha shayi, ya yi min maganar rufin tsofaffin gidaje har shayin ya huce. Ba mugu ba ne, ba kuma mummuna ba. Kawai na ji ba zan iya wayar gari kullum ina kallon wannan tabarau ba.

Kun san yadda abin yake, ba a faɗa wa juna amsa ido da ido. Kowa Goggo zai faɗa wa, ita ta kai. In ni na ce a'a, Mama ta shiga uku a hannun dangin Baba, ƙanwata Kozue ta rasa mai tsaya mata. Amma in shi ya ce a'a, ba wanda zai ga laifina, har ma a tausaya min. Tun da wannan tunani ya shigo kaina bai fita ba.

Sai ga saƙonsa ranar Talata, ya kira ni da sunan gidanmu, haɗe da "san" na girmamawa: "Hagiwara-san, in kina da sarari ranar Lahadi, ina so in kai ki cin sushi da rana. Wuri ne ƙarami, ina fata zai yi miki."

Da na faɗa wa Mama sunan wurin sai da ta saki ludayi. "Can? Ke kin san ba sa karɓar baƙon da wani bai kawo shi ba? Babanki har yau bai taɓa taka ƙofar ba!"

Safiyar Lahadi ita ta shirya ni da kanta. Doguwar riga ta ulu mai ruwan shuɗi duhu, sarƙarta ta lu'ulu'u wadda ta saka ranar aurenta, gashi a ɗaure baya. Ta kama hannuwana ta duba farce, ta sa na goge jan bakin farko na sa wanda bai fito ba. Har takalmina sai da ta goge, ta jera min shi a bakin ƙofa.

"Kar ki shafa ko man hannu," ta ce, ta matso ta shinshina wuyana. "Yawwa. Haka ake zuwa cin ɗanyen kifi, ƙamshi yana ɓata shi."

Ba ta san abin da ke cikin jakata ba. Wata kwalbar turare ce da abokiyar aikina ta kawo min tsaraba daga tafiya, mai nauyi, irin wanda in kika fesa sau ɗaya sai an gane kin bi ta layin. A bayan gidan tashar bas na tsaya gaban madubi na fesa a wuya, na fesa a wuyan hannu, na ƙara a ƙirjin rigar. Har na tura wa Kozue saƙo: "Yau zan gama da mai tabarau." Ta maido min da hoton zomo yana dariya, ta ce, "Yaya, ki yi a hankali dai." A lokacin ni ma dariyar nake yi.

A bakin lungun da gidan abincin yake na sami Kuramochi-san riƙe da laima, ruwa yana yayyafi. Ya sunkuya ya gaishe ni, yana ɗagowa na ga hancinsa ya motsa. Ya ɗan tsaya. Na jira ya yi magana, don na riga na haddace amsata, "Au, na manta ne." Sai kawai ya miƙo laimar ta rufe ni, kafaɗarsa tana jiƙa.

Gidan ba shi da allo, labule ne kawai a ƙofa. Matar mai wurin, wata dattijuwa cikin kimono, rigar gargajiya, mai ruwan toka, ta tarbe mu da fara'a.

"Kai, Naohisa-kun! Ka yi wuyar gani. Shigo, shigo, Maigida tun safe yake..."

Turaren ya kai hancinta. Murmushin bai bar fuskarta ba, amma ya daina motsi. Ta karɓi kotina da yatsu, ta kai shi can nesa da na sauran mutane ta rataye.

Ciki kanta ce guda ɗaya, ta farin katako wanda ba a taɓa shafa masa fenti ba, an goge shi har yana sheƙi. Bayanta Maigida yake tsaye cikin fararen kaya, tsoho ne gajere mai aski ƙwal, wuƙa a hannu. Baƙi biyu ne kawai ban da mu, wani dattijo da matarsa, sun ci ado. Maigida ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya dubi Kuramochi-san, ya mayar da kansa kan kifinsa. Ni na so ya yi faɗa ne, ya kore mu, a gama a wuce wurin. Bai yi ba.

A irin wurin nan ba a tambayar me za ka ci. Abin da Maigida ya samo a kasuwa da asuba, ya kuma ga ya dace da bakinka, shi zai ɗora a gabanka, loma ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka ɗauka nan take tun shinkafar tana da ɗumin hannunsa. Da farin kifi ya fara, yanka siriri har kana hango shinkafar ta ciki, ɗan gishiri da ɓawon lemo a kai. Na ɗauka na kai baki. Jama'a, turare na ci. Ba kifi, ba lemo, ba komai, sai ɗacin abin da na fesa a wuyan hannuna.

Dattijon da ke gefena ya ɗauki nasa, ya kai kusa da hanci, ya ɗan dakata kafin ya ci. Matarsa ta zaro hankici a hankali ta riƙe kusa da baki, kamar mai shirin tari. Ba ta ko kalle ni ba. Da ta harare ni da na fi samun sauƙi.

"Daga nesa kuke, Baba?" Kuramochi-san ya tambaye su, ina jin don ya kashe shirun ne.

"Daga Wajima," dattijon ya ce. "Shekararmu hamsin da aure. Ɗanmu ne ya samo mana kujerun nan, tun bazara muke jira."

"Ni na ce masa a soya mana ƙwai a gida ya isa," matar ta ce ta bayan hankicin. "Ya ce a'a, sai na ci abin da zan ba jikoki labari."

A lissafina mutum ɗaya zan ɓata wa rai, shi ma na minti kaɗan. Ban taɓa kawo wa raina cewa za a yi wasu mutane a ɗakin ba.

Sai na ga Maigida ya tsaya. A gabansa akwai akwatin katako da ya jera kifin yau a ciki, farare tas, da jatan lande masu zaƙi waɗanda ake ci ɗanye. Ya dube su, ya ja murfin ya rufe, ya tura akwatin gefe. Ya yi wa matarsa magana ƙasa-ƙasa, ta shiga ciki ta fito da kaskon gawayi. Daga nan aka koma kifi mai maiƙo da aka babbaka fatarsa, da wanda ya kwana a ruwan tsami, da wanda aka shafa wa miya mai kauri. Duk abin da zai iya danne wari, shi ya koma ba mu, mu duka huɗu. Ita kuma ta je ta ɗan zuge ƙofa, sanyin waje ya shigo yana kaɗa ƙafafun tsohuwar nan.

Kuramochi-san ya bi akwatin da ido har aka kawar da shi.

"Me ke ciki?" na tambaya, murya can ƙasa.

"Jatan lande ne." Ya gyara tabarau. "Babana yana son su sosai. A wannan kujerar da kike kai yake zama, tun kafin a haife ni. A nan ya fara kawo mahaifiyata."

"Yau bai zo ba?"

"Ya rasu bara. Ban iya dawowa ba tun lokacin. Da na kira na ce zan zo da baƙuwa, Maigida ya ce zai nemo mana su."

Na ce zan shiga bayan gida. Na ɗauki ɗan tawul mai zafin da aka ba ni na goge hannu, na kulle ƙofa, na dinga dirzar wuyana har ya yi ja. Na wanke wuyan hannuna da ruwa zalla, don sabulun wurin ma ba shi da ƙamshi. Amma ulu ya riga ya sha, sai ma ɗumin ruwan ya ƙara tayar da shi. Na kalli sarƙar Mama a madubi, kunya ta rufe ni, wadda ban taɓa jin irinta ba. Waya ta yi ƙara, Kozue ce: "Ya ake ciki? Ya gudu?" Na kife wayar a jaka.

Ina fitowa na sami Kuramochi-san a tsaye. Ya ture kujerarsa baya, ya sunkuya sosai, goshinsa ya kusa taɓa kantar.

"Maigida, Baba, Mama, ku gafarce ni. Turaren nan ni na ba ta kyauta, ni na roƙe ta ta saka yau. Ita ta ce bai dace ba, na matsa mata. Laifina ne."

Bakina ya buɗe, na rantse muku ya buɗe, amma ba abin da ya fito.

"Haba, ɗan nan, zauna," tsohuwar ta ce. "Ƙuruciya ce. Wannan da kake gani, furen makabarta ya kawo min ranar da ya fara zuwa gidanmu."

"Shi ne mai sauƙin kuɗi a shagon," mijin ya ce, suka yi 'yar dariya.

Maigida bai yi dariya ba. Ya goge wuƙarsa da ƙyalle, ya ajiye ta a hankali.

"Naohisa, kana ɗan ƙarami babanka ya mayar da kai gida daga bakin ƙofar can saboda ka tauna cingam. Ka manta?"

"Ban manta ba, Maigida."

"To." Ya ɗauki shinkafa a tafin hannu. "Zauna ka ƙarasa."

Muka ƙarasa. Abin da ya fi ci min rai shi ne, duk da haka abincin ya yi daɗi. Maigida bai tauye min komai ba. Da ya lura lomar tana yi min girma, sai ya rage shinkafar ba tare da na ce uffan ba, kuma kowace loma a gabana ya fara ajiyewa kafin kowa, tunda ni ce baƙuwar gidan. Ina taunawa ina jin kamar na tofar don kunya. Aka kawo wainar ƙwai mai zaƙi ta rufewa, aka kawo shayi.

A bakin ƙofa ne na gane girman abin da na yi. Matar Maigida ta raka tsofaffin nan, ta ba su haƙuri a hankali, ta ce, "Ku dawo lokacin kaguwa, za mu ajiye muku kujera." Haka ake yi wa na gida, ba ka fita sai an tambaye ka yaushe za a sa ranka. Da ta juyo kanmu sai ta miƙa min kotina, ta sunkuya.

"Mun gode da zuwa. Ku sauka lafiya."

Shi ke nan abin da ta ce. Kuramochi-san ya ɗan jira, ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Ya sunkuya ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ɗaga labulen muka fita. Wanda ya kawo baƙo shi ke ɗaukar laifin baƙonsa, kowa ya san wannan, ni ma na sani tun kafin in buɗe kwalbar.

Muka yi tafiya a ƙarƙashin laima ɗaya har muka hango tashar.

"Kuramochi-san, ni fa mantawa na..."

"Hagiwara-san." Ya katse ni, amma a hankali. "Kafin ki zauna kin cire agogonki kin sa a jaka, don kar ya karce katakon. Wayarki ma ba ki ɗora a kai ba. Wadda ta san wannan ba ta manta da turare."

Na duba hannuna, ba agogo. Ni kaina ban san lokacin da na cire ba.

"Na san Goggonki," ya ce, har da ɗan murmushi. "Ni ma tsoronta nake ji. Na gane ba ki da damar cewa a'a, shi ya sa kike so ni in faɗa. Da kin gaya min tun a otal, ai da na yi miki."

"To me ya sa ka yi musu ƙarya? Me ya sa ka ce kai ne?"

"Garin nan ƙarami ne. Kafin jibi labarin zai kai kunnen Goggonki, gara ya kai da sunana." Ya cire tabaran yana goge ruwan da ya fantsama a kai, karo na farko da na ga idonsa sosai. "Zan kira ta yau, kar ki kwana da abin a rai. Zan ce matsalar daga gare ni ce."

Bas ya tsaya, ƙofa ta buɗe. Shi kuwa ya tsaya yana kallona.

"Ko akwai abin da za ki ce?"

Kun san me na ce? Ni Chizuru, mai bakin da ya kori maza uku, na sunkuya na ce, "Na gode da abinci." Na shige bas. Ta taga na ga bai tafi ba har muka sha kwana.

Ina isa gida na ji Mama tana kicin, na lallaɓa na wuce banɗaki. Na yi wanka, na wanke gashi, na ƙulle rigar a leda na cusa a ƙasan kabad. Na zauna a bakin gado da tawul a kai, ina ta ganin yadda ya tsaya a ƙofar nan yana jiran kalmar da ba ta zo ba. Ba zan ce muku son shi nake yi ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba na so ya kira Goggo. Na ɗauki waya na rubuta na goge, na rubuta na goge, daga ƙarshe na tura masa: "Don girman mahaifinka kar ka kira ta tukuna. Gobe zan je wurin Maigida in faɗa masa gaskiya. Ina so mu sake haɗuwa."

Ban ko ajiye wayar ba na ji ta falo tana ƙara.

"Eh, Yaya... Eh, ta dawo... Ya ce me?"

Na fito na tsaya a bakin ƙofa. Mama ta daɗe tana saurare, tana sunkuya wa wayar kamar Goggo na gabanta. Da ta ajiye, sai ta zo ta kama hannuwana biyu, idonta ya ciko.

"Ya ce a'a, Chizuru. Wai shi bai shirya aure ba, wai ke ba ki da aibu ko ɗaya. Goggonki ta ce wannan karon ba laifinki ba ne, za ta nemo miki wanda ya fi shi." Ta ja tsaki. "Mutumin banza. In bai shirya ba me ya kai shi kai 'yar mutane wuri irin wannan? Kar ki yi kuka saboda shi, kin ji? Bai kai ba."

Ta rungume ni tana bubbuga bayana, tana ta zaginsa, ni kuwa na bar ta. Duk abin da na fita nema da safe ga shi na samu, babu wanda ya ragu. Ta bayan kafaɗarta na ɗaga wayata na duba. A gefen saƙona alamar ta fito cewa ya karanta, amma bai ce komai ba.